Hoton Likitancin Nukiliya da Ƙullutun Huhu Mai Shakku: Ma'anar Hasken PET a Ƙasashen da Tarin Fuka Ya Yawaita

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin hoton likitancin nukiliya wajen tantance ƙullutun da akan tsinta a huhu ba tare da an san asalinsa ba, ta kuma fi mayar da hankali kan hoton PET da ake haɗawa da na CT, wanda ake ɗauka bayan an yi wa majinyaci allurar sinadarin FDG. Maƙalar ta bi diddigin yadda wannan hanya ta samo asali da yadda take aiki, sannan ta auna alƙaluman ingancinta da aka tattara a ƙasashe daban-daban. Matsayar da ta ɗauka ita ce, abin da na'urar ke aunawa shi ne yawan cin sukari na ƙwayoyin halitta, don haka ma'anar hasken da ƙullutu ya yi tana sauyawa gwargwadon cututtukan da suka yawaita a yankin da majinyacin ya fito, kuma a inda tarin fuka ya yi katutu wannan sauyi ya isa ya canza tsarin binciken baki ɗaya.

1.0 Gabatarwa

A ilimin hoton ƙirji, ana kiran tabo ƙullutun huhu idan dunƙulalle ne ko kusa da haka, faɗinsa bai wuce santimita 3 ba, kuma naman huhu mai iska ya kewaye shi, ba tare da kumburin kaluluwa ko taruwar ruwa a ƙirji ko motsewar wani sashe na huhu sun biyo shi ba. Abin da ya haura santimita 3 kuwa ana ɗaukarsa ƙari ne, kuma likitoci kan zarge shi da sankara har sai bincike ya wanke shi. Ƙullutu mai shakku, wanda shi ne batun wannan maƙala, shi ne wanda kamanninsa a hoto ba su isa a ce lafiyayye ne ba, ba su kuma isa a ce mugu ne ba. Sau da yawa mai shi ba ya jin ciwo ko tari, an dai gano abin ne sa'ad da ake ɗaukar hoto saboda wani dalili na daban.

Matsalar ta ƙaru ne da yaɗuwar na'urar CT, wadda ke ɗaukar hoton jiki yanki-yanki, tana ganin abin da hoton ƙirji na yau da kullum ba ya iya gani. Binciken NLST na Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2011, ya ƙunshi mutum 53,454 masu shekara 55 zuwa 74 da suka daɗe suna shan taba sigari, ya kuma nuna cewa duba su da CT mai ƙarancin tururi ya rage mutuwa daga sankarar huhu da kashi 20 cikin ɗari idan aka kwatanta da duba su da hoton ƙirji. Sai dai kusan kashi 24 cikin ɗari na hotunan CT ɗin sun nuna abin zargi, kuma kimanin kashi 96 cikin ɗari na waɗannan zarge-zarge sun tashi a banza. Binciken NELSON na Holan da Beljiyam, da aka buga a 2020, ya sake tabbatar da amfanin dubawar, bayan ya rage yawan zargin banza ta hanyar auna girman ƙullutu gaba ɗaya da saurin ƙaruwarsa.

Likita na tsaye ne a tsakanin hatsari biyu. Idan ya jinkirta, ƙaramar sankarar da fiɗa za ta iya cirewa tana iya bazuwa, kuma sankarar huhu ita ce kan gaba wajen kisa a cikin cututtukan daji, inda ƙiyasin 2022 ya nuna ta kashe kimanin mutum miliyan 1.8 a duniya. Idan kuma ya gaggauta, zai soka allura ko ya buɗe ƙirjin mutumin da ba ya bukata. Wani nazari da Renda Wiener da abokan aikinta suka buga a 2011 ya nuna cewa kashi 15 cikin ɗari na waɗanda aka ɗebi samfurin ƙullutunsu da allura ta bangon ƙirji iska ta shiga tsakanin huhunsu da bangon, kuma kashi 6.6 cikin ɗari sai da aka sa musu roba don fitar da ita. Hoton nukiliya ya shigo ne domin ya rage wannan tsaka-mai-wuya.

2.0 Abin da ake sani kafin a kai ga hoton nukiliya

Hoton CT da kansa yana warware kaso mai yawa na shakkun, kuma kuskure ne a tsallake shi zuwa ga na'ura mafi tsada. Ƙullutun da alli ya taru a tsakiyarsa, ko ya jeru a cikinsa hawa-hawa, ko ya cika shi duka, galibi tabon tsohuwar cuta ne da ta warke. Wanda aka ga kitse a cikinsa kuma yawanci hamatoma ne, wato curin nama marar illa. Gefe mai ƙayoyi, da girma, da zama a sashen sama na huhu, su ne ke ƙara zargi. Sai kuma lokaci, wanda shi ne gwaji mafi araha: daskararren ƙullutun da ya shekara biyu bai ƙaru ba ana ɗaukarsa marar illa, alhali yawancin sankarar huhu masu tauri kan ninka girmansu cikin ƙasa da kwana 400. Shi ya sa tsohon hoton da majinyaci ya ajiye a gida kan yi amfanin da sabon gwaji ba zai yi ba.

Ƙa'idojin Ƙungiyar Fleischner na 2017 sun ce daskararren ƙullutun da bai kai milimita 6 ba a jikin mutumin da ba shi da hatsari ba ya bukatar bibiya, wanda ke tsakanin milimita 6 da 8 a sake masa CT bayan wata 6 zuwa 12, wanda kuma ya wuce milimita 8 ne ake zaɓa masa ɗaya daga uku: sake CT bayan wata 3, ko hoton PET, ko ɗibar samfur. An gina waɗannan ƙa'idoji domin masu shekara 35 zuwa sama, kuma marubutansu sun cire masu raunin garkuwar jiki da waɗanda aka riga aka san suna da sankara.

Baya ga girma, akwai ma'aunan lissafi da ke haɗa bayanan majinyaci su fitar da yiwuwar sankara da adadi. Na asibitin Mayo, wanda Stephen Swensen ya jagoranta a 1997, yana amfani da abu shida: shekaru, shan taba, tarihin wata sankara, faɗin ƙullutu, ƙayoyin gefensa, da kasancewarsa a sashen sama. Na Brock, wanda ya fito daga Kanada a 2013, ya shigo da jinsi da tarihin dangi da yanayin ƙullutun da yawansa. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya, a ƙa'idojinta na 2015, ta tsara cewa a fara da ma'aunin Brock, idan yiwuwar ta kai kashi 10 cikin ɗari a yi PET, sannan a zuba sakamakon cikin ma'aunin Herder na 2005, wanda zai nuna ko sa ido za a yi, ko ɗibar samfur, ko fiɗa idan yiwuwar ta haura kashi 70. Abin lura a nan, wanda zai sake tasowa a gaba, shi ne sashen sama na huhu da waɗannan ma'aunai ke ƙara wa maki shi ne kuma mazaunin da tarin fuka ya fi so a jikin manya.

3.0 Yadda hoton FDG-PET ke aiki

Bambancin likitancin nukiliya da sauran hanyoyin hoto shi ne, a nan tururin daga cikin jiki yake fitowa. Ana ɗaura ƙwayar zarra mai fitar da tururi a kan wani sinadari da jiki ya saba amfani da shi, a yi allurarsa a jijiya, sannan na'ura ta bi sawunsa ta nuna inda ya taru. Saboda haka CT na nuna siffa, hoton nukiliya kuma na nuna aiki.

Tushen wannan hanya ya koma ga binciken Otto Warburg na Jamus a shekarun 1920, wanda ya lura cewa ƙwayoyin sankara na cin gulukos, wato sukarin da ke cikin jini, fiye da ƙima, suna kuma sarrafa shi ta hanyar da ba ta bukatar iskar oksijin ko da iskar tana nan. Sinadarin FDG gulukos ne da aka cire masa wani ɗan sashe aka maye gurbinsa da fulorin-18. An haɗa shi a ɗakin binciken Brookhaven na Amurka ta hannun Tatsuo Ido da Alfred Wolf da abokan aikinsu, kuma a 1976 Abass Alavi ya fara yi wa mutane allurarsa a Jami'ar Pennsylvania, da nufin nazarin ƙwaƙwalwa. Ƙofofin da ke shigar da sukari cikin ƙwayar halitta, musamman wadda ake kira GLUT1, ba sa bambanta FDG da gulukos na gaske, haka ma sinadarin heksokines da ke maƙala masa fosfet da zarar ya shiga. Daga nan ne hanyarsu ke rabuwa, domin gulukos na ci gaba da narkewa ya ba da ƙarfi, shi kuwa FDG ya maƙale, bai narke ba kuma bai fita ba, don haka yana taruwa gwargwadon yunwar ƙwayar.

Fulorin-18 yana fitar da fositiron, wanda takwaran elektiron ne mai kishiyar caji. Da ya yi 'yar gajeriyar tafiya ya haɗu da elektiron sai su biyun su ɓace, su bar haske biyu na gama masu ƙarfin keV 511 kowanne, waɗanda ke fita suna juya wa juna baya. Zoben na'urar da ya kewaye majinyaci yana kama hasken biyu a lokaci guda, ya ja layi a tsakaninsu, kuma daga miliyoyin irin waɗannan layuka ne kwamfuta ke gina hoton. Hoton PET shi kaɗai ba ya nuna gaɓoɓi sosai, wannan ne ya sa David Townsend da Ronald Nutt suka haɗa shi da CT a na'ura guda, wadda aka fara gwadawa a Jami'ar Pittsburgh a 1998, ta kuma shiga kasuwa a 2001. Yau kusan duk hoton PET na ƙirji a irin wannan haɗaɗɗiyar na'ura ake yin sa.

Shirin majinyaci yana cikin ingancin sakamako. Zai ƙaurace wa abinci na awa 4 zuwa 6, a auna sukarin jininsa, domin idan ya haura kimanin milimol 11 a lita gulukos na gaske zai yi gogayya da FDG a bakin ƙofa, ƙullutun ya fito dishi-dishi. Allurar insulin dab da gwajin ma ba ta gyara lamarin, saboda tana tura sinadarin cikin tsoka. Bayan allura majinyacin zai huta na kimanin awa ɗaya ba motsi ba surutu kafin a ɗauki hoton. Tururin da yake samu daga FDG ya kai kimanin milisibat 7 a allurar da aka saba yi, ban da na CT, alhali matsakaicin abin da ɗan Adam ke samu daga muhalli a shekara shi ne milisibat 2.4.

Ana bayyana ƙarfin haske da ma'aunin SUV, wanda ke kwatanta yawan tururin da ya taru a ƙullutu da abin da zai kasance a wurin da a ce allurar ta bazu daidai a jiki duka. Tun farkon shekarun 1990, daga ayyukan Edward Patz da abokansa a Jami'ar Duke, adadin 2.5 ya shahara a matsayin iyaka tsakanin mugun ƙullutu da marar illa. Wannan adadi ya sami karɓuwar da ta fi hujjarsa ƙarfi, domin SUV na canzawa da nauyin majinyaci, da sukarin jininsa, da mintunan da suka wuce bayan allura, da ma irin na'urar da tsarin lissafinta. Hanyar Herder ta fi dacewa da gaskiyar lamarin, inda ake kwatanta ƙullutun da hasken jinin da ke manyan jijiyoyin tsakiyar ƙirji na majinyacin kansa, a sanya shi a ɗaya daga matakai huɗu: babu haske, haske kaɗan, matsakaici, ko mai ƙarfi.

4.0 Alƙaluman inganci da tasirin yanki

Ana auna kowane gwaji da abu biyu. Na farko shi ne ƙarfin kamawa, wato kason masu cutar da gwajin ya gano. Na biyu kuma ƙarfin wankewa, wato kason marasa cutar da gwajin ya tabbatar ba su da ita. A 2001 Michael Gould da abokan aikinsa suka buga a mujallar JAMA wani nazari da ya tattaro binciken da aka yi zuwa lokacin, suka sami ƙarfin kamawa na kashi 96.8 cikin ɗari da ƙarfin wankewa na kashi 77.8. Waɗannan alƙaluma ne suka buɗe wa PET ƙofar shiga ƙa'idojin aiki.

Bayan shekara 13, Stephen Deppen da tawagarsa daga Jami'ar Vanderbilt ta jihar Tennessee suka sake duba batun a mujallar guda. Ba banza tambayar ta taso daga can ba, domin kwarurukan kogunan Ohio da Mississippi gida ne na histofilasmosis, cutar funfuna da ake shaƙa daga ƙasar da kashin tsuntsaye da na jemagu ya gurɓata, wadda kan bar ƙullutu a huhun mutanen da ba su ma san sun kamu ba. Sun tattaro bincike 70 da ya ƙunshi ƙullutu 8,511, suka sami ƙarfin kamawa na kashi 89 da ƙarfin wankewa na kashi 75, da saɓani mai yawa tsakanin wannan bincike da wancan. Da suka raba su bisa yanki, sai ƙarfin wankewa ya tsaya a kashi 77 a inda cututtukan huhu masu yaɗuwa ba su yawaita ba, ya faɗi zuwa kashi 61 a inda suka yawaita.

Dalilin a fili yake ga wanda ya fahimci sashe na uku. Idan ƙwayar tarin fuka ko ta funfuna ta shiga huhu, jiki kan kewaye ta da curin ƙwayoyin garkuwa, manyansu masu haɗiye ƙwayoyin cuta da ƙananansu, kuma waɗannan ƙwayoyi idan suka tashi aiki suna buɗe ƙofofin sukari kamar yadda ƙwayoyin sankara ke yi. Na'urar tamkar mai hangen hayaƙi ce daga nesa, ta san ana babban girki a gidan, amma ba ta san ko suna ake yi ko sadakar bakwai ba. Haka lamarin yake ga sakoyidosis, da ƙullutun amosanin gaɓɓai, da ciwon huhun da bai gama warwarewa ba, da silikosis, wato taurin huhu da ƙurar dutse ke haifarwa ga masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai.

Misalin lissafi zai nuna girman abin. A ɗauka akwai ƙullutu 1,000, 200 daga ciki sankara ne, a kuma yi amfani da ƙarfin kamawa na kashi 89. PET zai haska 178 daga cikin masu sankarar ya tsallake 22. Idan ƙarfin wankewa kashi 77 ne, zai haska 184 daga cikin 800 marasa sankara, wato kusan rabin duk abin da ya haska ne kaɗai sankara. Idan kuma kashi 61 ne, zai haska 312, sai kason sankara a cikin masu haske ya koma kimanin kashi 36. Amma a ɗaya ɓangaren, daga cikin 510 da ba su yi haske ba, 488 ba sankara ba ne, wato kusan kashi 96 cikin ɗari. Ma'ana, a yankin da cututtukan nan suka yawaita, rashin haske yana riƙe da yawancin darajarsa, haske kuwa ya rasa mafi yawan tasa.

An yi ƙoƙarin kauce wa wannan ta hanyar ɗaukar hoto sau biyu, ɗaya bayan awa guda ɗaya kuma bayan awa biyu, bisa tunanin cewa sankara za ta ci gaba da tara FDG yayin da kumburi zai fara sakin nasa. Mike Sathekge da abokan aikinsa na Jami'ar Firitoriya a Afirka ta Kudu sun gwada wannan a 2010 a kan majinyatan yankin da tarin fuka ya yawaita, suka iske cewa ƙullutun tarin fuka ma yana ci gaba da tarawa, don haka hoto na biyun bai raba gardamar ba. Wani bincike da Stephanus Malherbe ya jagoranta, wanda aka buga a 2016 a kan majinyatan Afirka ta Kudu da Koriya ta Kudu, ya ƙara dagula lissafin, domin ya nuna cewa da yawa daga waɗanda suka gama shan maganin tarin fuka aka kuma tabbatar sun warke, tabon huhunsu na ci gaba da ɗaukar FDG. A shekarar ce kuma ƙwararrun nahiyar Asiya suka fitar da nasu ƙa'idojin na ƙullutun huhu, inda suka yi gargaɗin rage dogaro ga PET saboda yawan tarin fuka a ƙasashensu.

5.0 Ƙullutun da bai yi haske ba

Ko da yake rashin haske ya fi amana, yana da ramukansa guda uku da ya wajaba mai fassara hoto ya sani. Na farko ƙanƙanta ce: ƙullutun da bai kai milimita 8 ba ya kusa da iyakar ganin na'urar, haskensa kan gauraya da duhun huhun da ke kewaye da shi, kuma idan yana ƙasan huhu motsin numfashi kan ƙara shafe shi. Na biyu shi ne ƙullutu mai hazo, wanda a hoton CT ake hango jijiyoyin jini ta cikinsa. Irin wannan sau da yawa adinokasinoma ne a farkon matakinsa, mai yaɗuwa a hankali a bangon jakunkunan iska, ƙwayoyinsa kaɗan ne kuma ba su da yunwa. Ƙa'idojin Fleischner ba su ba PET gurbi a bibiyar ƙullutu mai hazo zalla ba, sun ce a bi wanda ya kai milimita 6 da CT har shekara biyar. Na uku shi ne kasinoyid, ƙari mai jinkirin girma da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke fitar da sinadaran saƙo, tare da adinokasinoma mai yauƙi. Saboda waɗannan, ƙullutun da bai yi haske ba ana ci gaba da sa masa ido da CT, kuma idan zargin sankara ya yi ƙarfi tun farko, rashin haske ba ya hana ɗibar samfur.

6.0 Sauran sinadarai da sauran hanyoyi

Kafin PET ya yaɗu, an gwada tantance ƙullutu da kyamarar gama, wadda ta fi araha, ta hanyar galiyam-67 da taliyam-201 da sinadaran da aka ɗaura wa teknishiyam-99m. A 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da sinadarin depreotide domin wannan aiki, mai maƙalewa a mazaunan somatostatin da ke jikin ƙwayoyin sankara da dama, amma ƙwayoyin garkuwar da ke cikin curin tarin fuka ma suna da irin waɗannan mazaunai, kuma daga baya sinadarin ya bar kasuwa. Tunanin dai bai mutu ba, domin DOTATATE da aka ɗaura wa galiyam-68 shi ne yau ake haska kasinoyid da shi, kuma yana da fa'idar cewa ana tatsar galiyam ɗin a asibiti daga tukunyar jamaniyam-68 mai rabin wa'adi na kwana 271, wato lokacin da rabin ƙarfinsa ke gushewa.

Sinadarin FLT, mai bin sawun rabewar ƙwayoyin halitta, ba ya ruɗuwa da kumburi kamar FDG, sai dai yana tsallake sankara fiye da shi. Sinadaran FAPI, waɗanda masu bincike a Heidelberg ta Jamus suka gabatar a ƙarshen shekarun 2010, suna haska ƙwayoyin da ke gina naman da ke tallafe da ƙari, amma waɗannan ƙwayoyi su ne kuma ke gina tabo, don haka tarin fuka na ɗaukarsu. A wajen likitancin nukiliya, akwai hanyar auna yadda ƙullutu ke shan ruwan allurar CT. Binciken SPUtNIk na Birtaniya ya kwatanta ta da PET a kan ƙullutu masu milimita 8 zuwa 30, ya iske tana kamawa sosai amma wankewarta rarrauna ce, kuma PET ya fi ta daidaito.

7.0 Matsayin PET a ƙasashen tarin fuka

Amfanin PET da yanki bai rage ba shi ne kallon jiki duka a zama ɗaya. A binciken PLUS na Holan, da aka buga a mujallar Lancet a 2002, ƙara PET a binciken waɗanda ake shirin yi wa fiɗar sankarar huhu ya rage fiɗar da ba ta da amfani daga kashi 41 zuwa kashi 21 cikin ɗari, musamman ta hanyar gano bazuwar cutar da ba a gani ba. Hoton yana kuma nuna wa mai ɗibar samfur inda zai nufa, ko sashen ƙullutun da ke raye maimakon tsakiyarsa da ta mutu, ko wata kaluluwa a wuya da ta fi sauƙin kaiwa. Sai dai kaluluwar tsakiyar ƙirji ma tana haske saboda tarin fuka, don haka hana majinyaci fiɗa bisa haskenta kawai, ba tare da samfur ba, zalunci ne da hoto bai ba da izininsa ba.

Akwai kuma batun samuwa. Rabin wa'adin fulorin-18, wato lokacin da rabin ƙarfinsa ke gushewa, minti 110 ne, don haka bayan awa biyar da rabi kashi ɗaya cikin takwas ne ya rage. Ana yin sa a saikulotiron, na'urar da ke harba furoton a kan ruwa mai oksijin-18, kuma dole ta kasance kusa da asibiti da wutar lantarki marar yankewa. Teknishiyam-99m kuwa daga tukunyar molibdinam-99 mai rabin wa'adi na awa 66 ake tatsarsa, ana iya kawo ta a jirgi ta yi aikin mako guda, wannan ne ya sa cibiyoyi irin su ta asibitin koyarwa na Ibadan da Cibiyar Radiyo-Isotof ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai suka ginu a kan kyamarar gama. Majinyacin Kano ko Damagaram da aka rubuta wa PET zai yi doguwar tafiya ya kuma kashe kuɗi mai yawa, saboda haka tambayar ko sakamakon zai canza shawarar likita ta fi nauyi a kansa.

Nijeriya na cikin ƙasashe 30 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin mafiya nauyin tarin fuka, kuma a irin wannan yanayi tsarin da ya dace shi ne a nemi tsohon hoto, a yi CT mai siririn yanki, a yi gwajin kaki da na'urar GeneXpert wadda hukumar ta amince da ita a 2010, a kuma san matsayin garkuwar jikin majinyaci, kafin a yi maganar PET. Idan ƙullutun ya wuce milimita 8 kuma allura za ta iya kai masa, ɗibar samfur kai tsaye ta fi kusa da amsa, da sharaɗin a raba samfurin gida biyu, ɗaya ga masu duba nama ɗaya ga masu neman ƙwayar tarin fuka da funfuna. Hatsarin da ya fi zama ruwan dare a waɗannan ƙasashe shi ne a ɗora majinyaci a kan maganin tarin fuka na wata shida bisa zato, ba tare da an ga ƙwayar ba, sankarar kuma ta yi ta girma a ƙarƙashin wannan zato. Inda aka tilastu ga fara maganin a haka, ya kamata a sa ranar sake CT tun daga ranar farko, cikin wata biyu zuwa uku, kuma ƙullutun da bai ragu ba a ɗebi samfurinsa ko da gwajin kaki ya nuna tarin fuka, tun da cututtukan biyu na iya zama a huhu ɗaya, tsohon tarin fuka ma yana cikin abubuwan da ke ƙara hatsarin sankarar huhu.